Garin Rodiyom a Ƙarƙashin Randa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Malam Bukar yana koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a. A unguwar Koki yake zaune, tare da mahaifiyarsa, Iya Falmata, mai haɗa humra.

Aikinsa haɗa kabon da naitirojin ne, don a sami sinadarin amin da ake yin magani da shi. Amin yakan fito iri biyu, kamar hannun dama da na hagu, kuma ɗaya ne kawai ke yi wa jiki aiki. Abin da ke fitar da mai amfanin shi kaɗai wani jan gari ne mai ƙarfen rodiyom a ciki, wanda ba ya jure iska ko danshi. Wanda ya rage masa bai cika cokali ba, kuma da shi ɗalibarsa Bilkisu za ta yi gwajin ƙarshe na digirinta, wanda wa'adinsa ke ƙarewa a wannan shekarar.

Da firjin ɗakin gwaji ya lalace, sai ya kawo kwalbar garin gida, a toshe da kakin zuma, ya sa a nasu firjin. Ranar Laraba aka ɗauke wuta yana makaranta.

Da la'asar ya dawo, Iya ta tare shi da fara'a.

"Kwantar da hankalinka, ɗan boko. Maganinka na ƙarƙashin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi."

"A kwalbarsa, Iya?"

"Wannan 'yar kwalba mai murfin kaki? Ai ko humrar bare ba na zubawa a irinta. Na juye shi a tawa mai kyau, sai da na ɗauraye ta sau uku."

Ya tona yashin. Garin ya yi baƙi, ya dunƙule.

"Na yi ba daidai ba ne, Bukar?"

"Sannu da ƙoƙari, Iya," ya ce a hankali.

Washegari ya ajiye kwalbar gaban Bilkisu. Ta daɗe tana kallonta.

"Malam, sabuwar gwamnati ba za ta sayo mana wani ba?"

"An ce sai an kafa kwamiti."

"To mu gwada wannan ɗin?"

"Ya mutu, Bilkisu."

Ta cire farar rigar gwaji, ta ninke, ta tambaye shi wa za ta mayar wa makullin ɗakin.