Sunan Inno

"Mama, in sunan Inno aka sa mini, me ya sa ba wanda yake faɗinsa? Mugun suna ne?"

Inaya ce, 'yata mai shekara bakwai. Muna cikin bas a Stockport Road, nan Ingila, za mu kama jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Na ce mata ba mugu ba ne, kunya ce. Inno, Allah ya jiƙanta, mahaifiyar babana ce, a gidanmu kuwa ba a kama sunan babba. Shi ya sa da aka raɗa wa yarinyar sunanta muka koma kiranta Inaya.

Inno 'yar Galadima ce. Shekara talatin ta yi a fada tana hidimar Fulani, uwargidan sarki. Ita ke riƙe mata buta, ita ke sanin wa za a shigar, wa za a ce ya dawo gobe. In Fulani ta kishingiɗa bayan azahar, sai ta zauna bakin ƙofa tana tsara waƙoƙin bege da na wa'azi. Rubutunta na ajami ba shi da kyau, don haka ƙaninta Malam Yusha'u ke kwafe mata. Ni daga bakinta na ji su, tana tsefe mini kai.

Baffa Salihu, ƙanin babana da ke aikin likita a Birmingham, shi ya buga waƙoƙin ya kira dangi walima. Da na ɗauki littafin a bakin ɗakin taro, sai na ga bangon: Waƙoƙin Malam Yusha'u.

Na same shi gefe, na rusuna na gaishe shi.

"Baffa, waɗannan fa na Inno ne."

"Ramatu, kowace takarda 'da hannun Yusha'u' aka rubuta a ƙasanta. Abin da ke rubuce muka bi. Ita kanta ba za ta so a yi ta yawo da sunanta a bainar maza ba."

"Baffa, Malam ya taɓa riƙe wa Fulani buta?"

Ya gyara hularsa. "Ke dai ki ci shinkafa ki kama jirginki."

Da an bar ni ni kaɗai, wataƙila da na ci. Amma Inaya na tsaye tana bin bangon da yatsa, tana neman sunan da na ce nata ne.

Da aka nemi wanda zai rera baiti ɗaya, na miƙe kafin maza su gama kallon juna. Na rera yadda ta koya mini:

"Na riƙe butar Fulani shekaru,
Ya Rabbi, wa zai riƙe tawa ran tsayuwa?"

Sannan na ce, "Malam Yusha'u ya kwafa, Allah ya saka masa. Wadda ta yi waƙar sunanta Habibatu, 'yar Galadima."

Ban taɓa furta shi ba sai ranar. Goggo Raki, yayar babana, ta rufe baki da mayafi. "Yaran Ingila," in ji ta, ko da yake a gabanta aka yanke mini cibiya.

Inaya ta ɗaga hannu kamar a aji. "Ni ce?"

"Ke ce ta biyu."

Na ciro biro daga jaka na ba ta, ta rubuta sunan a bangon namu littafin, harafi ɗaya-ɗaya. Baffa bai sake duban inda nake ba, har yau kuma bai amsa wayata ba. Mata uku suka kawo nasu a rubuta musu. Goggo Raki ce ta ƙarshe, ta tura wa yarinyar littafin ba tare da ta dube ni ba.

"Ni ba zan faɗa ba, takwarar Inno. Ke rubuta."

Kai mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku da kunya ta hana ku kama sunanta, ka nemi biro tun masu saninsa suna raye. In ka bari suka tafi, takarda za ta ba wani.