Hoton Goni a Ƙasan Akwati

Shekara hamsin da ɗoriya Alhaji Raji ya yi da Hajiya Bintu a gidansu na Fagge, bai taɓa jin sunan Goni a bakinta ba. Ya dai san labarin. Goni ne mijinta na fari, sojan ruwa da ya ɓace a teku wajen Bonny lokacin yaƙin basasa, watansu biyar da aure. Ko hularsa ba a gani ba.

Wata Asabar sai ga wata mata daga Sabon Gari, Veronica, ta yi sallama. Ta ce mahaifinta jirgi ɗaya suka yi aiki da Goni, kuma tana tara hotunan waɗanda ruwa ya ci domin a yi taron tunawa da su. Raji ya buɗe baki zai ce ba su da komai, sai ya ga Bintu, mai fama da ciwon gwiwa, ta miƙe tsam ta shige ɗaki. Nan da nan ta fito da hoto daga ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ko lalube ba ta yi ba, ta san inda yake.

Abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Ya karɓe hoton, ya ce shi zai kai wajen mai hoto a unguwar Bata a wanko wani. A cikin adaidaita ya yi ta kallonsa: saurayi cikin fararen kaya, ƙirji a buɗe, haƙora reras. Shi kuwa ya tsufa a kan buhunan shinkafa a kasuwar Singa, yana ciyar da matar da wannan ya bari. Mai hoto ya tambaye shi ko shi ne da ƙuruciya. Raji ya ce a'a, da wata murya da ta sa mutumin bai ƙara magana ba.

Da ya dawo ya ture kwanon amala, ya tambaye ta ko duk shekarun nan tana buɗe ɗankwalin.

"Sau ɗaya a shekara, Alhaji," in ji ta. "Ko muryarsa na manta. Amma mutumin nan ba a yi masa wanka ba, ba shi da kabari. In ban tuna shi ba, wa zai tuna?"

Kwana uku yana amsa mata gaisuwa a taƙaice.

Ranar taron ya sa babbar rigarsa mafi tsada, ya raka ta Sabon Gari. Da aka kira sunan Goni, Raji ya ce Allah ya jiƙansa, har ya fi kowa ɗaga murya, amma idonsa na kan fuskar matarsa. Ba ta yi kuka ba, leɓenta kawai ya motsa. Raji ya ji sanyi a ransa, sai kuma kunyar jin sanyin ta kama shi, ya sunkuyar da kai har aka tashi.