Ƙwan Zabi a Ɗakin Sada

"Ba mai buɗe ɗakin nan," in ji Dawuda, ya jefa mabuɗin a aljihu. "Kayan marayu ne. Sai an raba gado."

Tani ta tsaya da ƙwaryar gumba a hannu. Shekaranjiya aka kai Sada makwancinsa, maƙwabcinta na katanga ɗaya a Kankia, mai gyaran waya a bakin tasha. Dawuda wansa ne. Daga Kusada ya zo, ya iske ɗakin aikin cike da wayoyi da batura, ya sa masa kwaɗo.

"Malam Dawuda, ƙwaina suna ciki."

"Ƙwai? A ɗakin mai gyaran waya? Inna Tani, ko dai rashin ya taɓa ki?"

Bara annoba ta kwashe mata zabi kaf. Bana ta bi dangi har Tafashiya ta tara ƙwai ƙwarya guda, Sada ya sa mata a tsohon firjin da ya mayar injin ƙyanƙyasa. Wata kwamfuta ce da ba ta fi sabulun wanka ba ke kunna masa fitila da fanka, tana daidaita ɗumi. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, don haka ya yi ta rage manhajar da ke tafiyar da ita, ya cire hotuna da ado, har ba abin da ya rage sai farin rubutu a baƙin allo. Duk da haka, lokaci-lokaci sai ta cika ta sandare, ya yi mata wani abu ta farfaɗo. Tani ba ta taɓa lura da abin da yake yi ba.

Ran da zazzaɓin da ya yi ajalinsa ya yi tsanani ta leƙa shi.

"Inna, in ta cika..." ya ce.

"A cire mata wayar wuta?"

Ya motsa kai bisa matashi. Har yau ba ta san ko i yake nufi ko a'a ba.

Aka kai maganar gaban Modibbo, limamin unguwa, a rumfar zaman makoki.

"Ƙwan nan na da rai ko babu?" ya tambayi Tani.

"Allah gafarta Malam, ni mi na sani? Ban shiga ciki ba."

Wasu suka rufe baki da hannun riga. Modibbo ya ce ƙwai amana ne, ba gado ba. A buɗe gaban shaidu, ta ɗauki nata, amma kada a taɓa na mamaci.

Ɗakin shiru. Fankar ta tsaya, fitilar a mace. Allon yana kunne, layi ɗaya na Turanci ya cika shi daga sama har ƙasa. Tani ta sa bayan hannu kan ƙwai. Da sauran ɗumi, kaɗan.

"Mi take cewa?"

Dawuda ya duƙa ya karanta. "Wai wuri ya ƙare."

"Wane wuri? Ga ɗaki nan fili."

"Ni ma ban gane ba."

Ta miƙa hannu wajen wayar wutar kwamfutar.

"Inna, Modibbo ya ce kada a taɓa!"

"Wayar ce gado ko ɗumin?"

Dawuda ya waiwayi shaidu, shaidu suka dubi ƙasa. Tani ta yi bisimilla, ta zare wayar, ta mayar. Allon ya ɗauke, ya dawo, rubutu ya yi ta gudu, sannan ya tsaya. Wani ɗan ɗigo ya soma ƙiftawa a ƙasa, yana jiran a rubuta masa wani abu. Suka tsaya suna kallonsa. Fankar ba ta motsa ba.

"Ko a kira wani daga Katsina?" in ji Dawuda, muryarsa ta sauko.

"Kafin ya iso sun huce."

Ta juye gumbar a faranti, ta shimfiɗa gefen mayafinta a ƙwaryar, ta kwashe ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Ta ratsa matan da ke zaune a tsakar gida, tana amsa gaisuwar haƙuri tana tambaya: "Wa ke da kaza mai kwanci?"

Ɗaya aka samu, a gidan Inno mai ƙosai, ƙarƙashin rumbu. Tani ta durƙusa tana tura ƙwai, kazar na saran hannunta, har fukafukan suka kasa rufe ƙari. Fiye da rabi suka rage. Ta zauna jikin rumbun, ta rungume ƙwaryar a cikinta, ta ja mayafi ta rufe.