Gwangwanin Shaukat Na Huɗu

"Ajiye wannan, Pa Ashraf, na kuɗin wuta ne," in ji Shaukat, bai ko ɗago kai daga ƙwallon da yake ɗinki ba.

Pa ko Pa ji suke ce mini shi da matarsa, wato yaya, ko da yake maƙwabtaka ce kawai tsakaninmu. Na mayar da gwangwanin kan kanta. Ashana nake nema in kunna sigari, shi kuwa ya zaci kuɗinsa na zo lalube. Gwangwanayen shayi huɗu ne a jere, kowanne da zare mai launi daban a wuyansa, saboda matarsa Nasim ba ta iya karatu ba. Ja na garin alkama, kore na wuta, fari na magani, baƙi na Gulzar ɗan kwangila. Duk layinmu a Sialkot an san su, an kuma sha dariyarsu. Mutumin da abin da yake samu a wuni bai kai kuɗin man adaidaitata ba, amma ma'ajinsa huɗu kamar banki.

"Guda nawa wannan makon?" na tambaye shi.

"Sha huɗu. Ga ta sha biyar a hannuna."

"Wancan makon ashirin ka yi."

"Wancan makon ina numfashi."

Shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana shekara uku. Masu ɗinkin ƙwallo kan matse katakon riƙe fata da gwiwoyinsu, shi kuwa ba shi da gwiwar matsewa, sai ya ɗaure katakon a ƙafar gado da tsohon bel. Haka yake wuni a ƙasa, allura biyu, zare mai kaki, yana ja har jijiyoyin wuyansa su miƙe. Rupi ɗari da hamsin ake biyan kowace ƙwallo. Ni nake kai wa Gulzar buhun duk Alhamis, kuma kada wani ya ɗauka don kirki nake yi.

Shekara uku da suka wuce ruwan damina ya rushe musu rufi, a watan da aka yi wa Nasim aikin ciki. Shaukat ya nemi rupi dubu ɗari da saba'in da biyar wurin Gulzar, a riƙa cire dubu ɗaya duk mako daga kuɗin ɗinki. Gulzar ya ce ba ya ba gurgu rance sai da mai tsaya masa. Yayan Shaukat, Haji Manzur, mai kantin tayil a babban titi, ya ce kasuwa ba ta tafiya. Matata ce ta sa ni gaba da ido a tsakar gidansu, a gaban mata, har kunya ta sa na miƙa takardun adaidaitata jingina. Tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. 'Ya'yana huɗu ne. Babbar, Sidra, tana ajin ƙarshe. In Shaukat ya kasa, Gulzar zai ɗauke abin da nake ciyar da su da shi. Duk tarin da Shaukat ya yi ta bayan bango, a ƙirjina nake jin sa.

"Bar buhun sai Asabar," ya ce. "In cike ashirin, ka haɗa da baƙin gwangwanin ka kai wa Gulzar."

"Gwangwanin kuma na mene?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya ci caca. "Saura dubu ashirin da ɗaya. Ya ce in na kawo sha takwas a dunƙule kafin Babbar Sallah, zai yafe ukun. Jiya suka cika."

"Daga ina?"

Nasim tana murza gurasa a bakin ƙofa. Ita ta amsa. "Girgiza farin ka ji, Pa ji. Wata biyar ke nan yana raba ƙwayar magani biyu da wuƙar yankan zare. Wata biyu kuma ko rabin babu. Kai ka yi masa magana, ni na gaji."

Na girgiza. Ko ƙarar kwabo babu.

"Likita ɓarawo ne," in ji Shaukat. "Dubu huɗu a wata, kuma zuciyar tana nan yadda take. Bari in fita daga hannun Gulzar tukuna, in ya so in sha maganin da cokali."

Na dubi leɓɓansa, sun yi duhu kamar ya sha tawada. Na dubi baƙin gwangwanin. Na ce masa Allah ya kai mu Asabar, na fita.

Bai kai ba. Washegari Juma'a da hantsi ina wanke adaidaita sai na ji ihun Nasim. Na same shi a jingine da ƙafar gado, allura ɗaya a hannunsa, ɗayar tana lilo a jikin zare. Na yi salati, na rufe masa ido. Ba zan yi ƙarya ba, kafin in gama salatin idona ya kai kan kantar gwangwanaye.

Haji Manzur ya iso da mota kafin azahar. Shekara uku ba a ga ƙafarsa a layin ba. Bai fara kuka ba sai da ya kai inda maza suka fi taruwa, sannan ya cire tabarau, ya miƙa wa wani ya riƙe, ya faɗa kafaɗar limami. "Ƙanena! Ni na goya shi a bayana zuwa makaranta!" Shaukat bai taɓa shiga makaranta ba.

Da yake Juma'a ce, filin jana'iza ya cika. Aka ajiye makara, sahu ya daidaita, limami ya juyo ya yi tambayar da ake yi kafin kabbara: akwai bashi a kan mamacin? Wa ya ɗauke masa? Sai Haji Manzur ya tako gaba, ya ɗaga hannu, ya ɗaga murya yadda na sahun ƙarshe zai ji.

"Duk wanda ke bin ƙanena ko da rupi ɗaya, daga yau a wuyana yake!"

Jama'a suka ɗauki "Masha Allah". Na yi wa Shaukat addu'a da zuciya ɗaya, abin da na daɗe ban yi ba.

Ranar Asabar da safe aka ce Haji yana nemana. Na tarar da shi zaune a kan gadon mamacin, ya zazzage gwangwanayen huɗu a kan zanin gado, yana lasar yatsa yana ƙirga. Nasim ta shiga takaba, tana bayan labule, ƙafafunta kawai nake gani.

"Kai ne mai adaidaita ko?" ya ce, kamar bai taɓa ganina ba. "Ka san Sadik mai girki a bayan tasha? Ga dubu sha takwas. Ka ce tukunya huɗu na shinkafa da nama, gobe ƙarfe goma, sadakar uku. Itace da bulon murhu ni zan aiko. Mutanena na kasuwa za su zo, ba na son abin kunya."

"Haji Sahib, wannan kuɗin ai na Gulzar ne."

"Na Gulzar a gidan ƙanena?"

"Bashinsa ne. Don shi ya tara. Kai ma jiya ka ce a wuyanka yake."

Ya dube ni kamar na taka masa tabarmar salla da takalmi. "To me zan ce, limami yana tsaye yana jira, gawa tana rana? Maganar jana'iza kowa yana yin ta. Gulzar yana da takarda, da sunan wanda ya sa hannu. Ni ban sa ba."

"Adaidaitata ce a takardar."

"Kai ka kai ta. Ni na hana ka?"

Na ga Sidra tana zaune a gida ranar jarrabawa, na ga kaina ina dakon buhun siminti da wannan bayan nawa. Na juya wajen labule, na kira ta yadda muke kiran matar ɗan'uwa.

"Bhabi, kina ji?"

Nasim ta amsa daga bayan labulen. "Ina ji, Pa ji. Ni ba ni da ikon fita. Da ina da shi, na san inda zan kai su." Sannan ta ƙara, "Ka ɗauki buhun ƙwallayen ma, yana tare mini hanya."

"Mace mai takaba ba ta da bakin magana a kan hidimar maza," in ji Haji. Ya naɗe kuɗin da roba ya cusa mini a aljihu. "Kuɗin man kuma ka bar wa Allah, maƙwabcinka ne."

Wannan ita ce wautarsa. Yana da mota, yana da yara a kanti, amma ƙyashin rupi ɗari biyu na mai ya sa ya aiki mutumin da wuyansa ke cikin igiyar.

Hanyar tasha hagu take. Na tsaya a mahaɗa har na bayana suka cika ni da hon. Ban taɓa cin amanar aike ba tun da na fara tuƙi. Na karya kan adaidaita dama.

Gulzar yana zaune a ɗakin ajiyarsa tsakanin tulin ƙwallaye marasa iska, yana shan shayi a faranti. Ya yi ta'aziyya da baki cike da biskit.

"Allah ya ji ƙansa, hannunsa yana da kyau. Gurgu ne, amma ɗinkinsa ba ya dawowa." Ya ƙirga kuɗin sau biyu. "Sha takwas. Saura uku."

"Ai ka ce masa za ka yafe ukun."

"Shi na ce wa. Na yafe ne don ya ci gaba da yi mini ɗinki. Yanzu wa zai ɗinka?"

"Ka ji tsoron Allah, Gulzar. Mutumin nan maganinsa ya daina sha."

"Ni na ce ya daina? Kai da kake bango ɗaya da shi, me ka ce masa?"

Na jawo buhun na zazzage a gabansa. Ya ɗauki ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, yana bin ɗinkin da farce yana neman aibi. Bai samu ba. Ta sha biyar, wadda ba a rufe ba, ya ture ta gefe da ƙafa.

"Sha huɗu, dubu biyu da ɗari ɗaya. Saura ɗari tara."

Na lalube aljihuna. Cinikin jiya da na safiyar ne, ɗari tara da arba'in. Na ba shi, na ce ya rubuta mini shaida cewa bashin Shaukat ya ƙare, ya buga hatimi. Ya buɗe durowa ya fito da takarduna, sun yi tabon shayi a gefe. Na sa su cikin riga, a jikin fata. Har yau ɗari taran nan tana ci mini rai. Ba ni na ci bashin ba.

Ban koma layin ba sai da na tabbata motar Haji ta tafi. Matata ta tambaye ni abin da ke damuna. Na ce zazzaɓi.

Lahadi da safe aka shimfiɗa tabarmi a layi. Aka zuba gasasshen wake a tsakiya, irin wanda ake ƙirga tasbihi da shi. Mutanen Haji suka zo cikin fararen kaya masu sitaci, suna ɗage riga kada ruwan kwata ya taɓa su. Babu wanda ya san fuskar Shaukat a cikinsu. Ɗaya ma ya tambaye ni ko mamacin babba ne ko yaro. Suna jan waken suna motsa baki, idonsu yana bakin layi.

Ƙarfe goma ta wuce. Haji ya yafito ni.

"Ina Sadik?"

Na riga na shirya. Ban ba shi takardar shaidar biyan bashin ba, limami na miƙa wa. "Malam, a karanta wa jama'a. Alkawarin da Haji Sahib ya ɗauka a gaban gawa ne."

Limami ya sa tabarau ya karanta a hankali, har da ranar da hatimin. Sannan ya ɗaga hannu. "Allahu Akbar. Kwana biyu kacal. Jama'a, ku ga yadda ɗan'uwa yake sauke wa ɗan'uwansa nauyi. Wannan ya fi wa mamaci tukunya ɗari."

Aka rufe Haji da addu'a. Wani tsoho ya kama hannunsa ya sumbata. Na ga wuyansa ya kumbura, fuskarsa ta yi ja, bakinsa yana ƙoƙarin murmushi. Ya matso kusa da kunnena.

"Ɗan iska. Ɓarawo. Za ka gani."

"Sadik yana da dafaffiya kullum, Haji Sahib," na ce a hankali. "In ka bayar da kuɗi yanzu, minti ashirin na kawo."

Ya taɓa aljihunsa, ya dubi mutanensa, ya sauke hannun. Ya juya ya ce musu ƙanensa mutum ne mai gudun duniya, ya bar wasiyya kada a yi almubazzaranci. Suka gyaɗa kai. Kowa ya ɗebi waken ya zuba a aljihu, suka fara sulalewa biyu-biyu, suna tambayar juna inda ake sayar da abinci kusa.

Kafin azahar layin ya koma yadda yake. Na taya naɗe tabarmi. Nasim ta aiko matata da kofin shayi, ba sukari, ba saƙo. Na zauna a bakin ƙofata ina sha. A gefen kwata ga murhu huɗu da aka girka tun asuba, bulo uku-uku, da itace a jere a ƙarƙashinsu ba a kunna ba. Wata akuya ta zo ta shinshina na farko, ta wuce na biyu, sannan ta kwanta a tsakaninsu.