Wasiƙuna da Sunan Ratri

Wata bakwai ina amsa wa Madam Hoshino wasiƙunta, ban san da sunan ƙanwata Ratri amsoshina suke isa gare ta ba.

Ni da Ratri muka gaji shagon batik na mahaifiyarmu a Pekalongan. Ni ke zana yadi da narkakken kaki, ni ke rini, hannuwana shuɗi har ƙarƙashin farce. Ita kuwa aikinta murmushi da ɗaukar hoto. Kwamfuta ɗaya gare mu, imel ɗinta da nawa duk wuri ɗaya suke zubowa. Kuma a gidanmu ba a rufe takarda da sunan kai. "Batik Sumirah" muke sawa, sunan marigayiya, don kada wata ta ji ta fi wata.

Madam Hoshino shago gare ta a Osaka, tana sayen yadinmu, ga ta da tambayar tsiya. Me ya sa shuɗin damina ya fi duhu? Tsoma nawa ake yi wa yadi a rini? Nakan zauna in bayyana mata dalla-dalla, har shayina ya huce.

Sai ranar Talata ta rubuto: akwai baje koli a Osaka, wurin mutum ɗaya ne, a turo fasfon Ratri, wadda take rubuto mata.

Na buga tebur. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

"Dik, ƙanwata, zo nan! Yaushe kika fara yi mini yankan baya?"

"Haba Mbak Lastri, yayata, ni da ko karanta wasiƙun nan ba na yi? Tsawonsu kaɗai ciwon kai yake sa ni."

Na buɗe jerin saƙonnin da aka aika. Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya, amma a saman kowanne adireshin Ratri. Na gwada tura wa kaina saƙo na amsa, ya fito da sunanta. Na kashe kwamfutar na kunna, haka dai. Sai can cikin saiti na gano: ita ta fara sa imel ɗinta ranar da muka sayo kwamfutar, shi ke nan kowace amsa ta nan take fita. Ɗan akwati guda ne ba a danna ba.

Na danna shi da ƙarfi kamar shi ya cuce ni.

"To ai sai ki gaya mata gaskiya," in ji Ratri. Amma na ga yadda ta saci kallon madubi tana gyara ɗankwali.

Na rubuta, karo na farko da sunana. Ni ce mai rini. Ni ce mai zane. Ni ce na amsa tambayar damina, ni ce na cancanci tafiyar. Ratri ko riƙe cokalin kaki ba ta iya ba.

Amsa ta zo kafin la'asar, gajeriya.

"Na gode, Lastri-san. Amma wadda ta yi wata bakwai tana rubuto mini ba ta taɓa cewa 'ni ce' ba, kuma ba ta taɓa kushe kowa ba. Ita nake so in gani."

Na karanta sau uku. Ratri na tsaye a bayana, ta karanta sau ɗaya.

"Mbak," ta ce a hankali, "shuɗin nan, tsoma nawa ne? Kada a tambaye ni a can."

"Goma sha biyu," na ce.