Abin da Hula Ba Ta Rufe Ba

Mai kemis ne ya rako Baba gida yana riƙe da hannunsa, Baba kuwa sai fizgewa yake yi, wai shi ba makaho ba ne. Ina buɗe ƙofa na ga goshinsa ya yi ƙulu kamar ƙwan kaza, sama da girar hagu. Jiri ne ya ɗebe shi garin miƙewa daga kujera, ya gwaru da bakin ƙofar shago. Mai kemis ya ce in sa masa ƙanƙara, in kuma na ga amai ko barcin da ba na lafiya ba, in wuce da shi asibiti kada in tsaya shawara. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace a matakala sannan Baba ya dube ni.

"'Yata, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

Na san abin da yake nufi. Baba mahaifin mijina ne, gyaran agogo ce sana'arsa tun ba a haife ni ba, yana da ɗan tebur mai gilashi a bakin kemis ɗin. Tsakani da Allah, wa ke kawo agogo gyara yanzu? Kowa waya yake dubawa. Wata rana sai ya wuni batir ɗaya ya canza. Amma kullum da safe zai goge takalmi, ya kafa hula, ya sauka ya zauna cikin mutane, a gaishe shi ya amsa, ya yi musu da masu jiran mota. Da ya taɓa faɗuwa a banɗaki, mijina ya yanke hukunci a gabana: ranar da aka sake, Baba ya gama fita. Mijina kuwa ba ya magana biyu. Yana son ubansa sosai, irin son da ake yi wa farantin tangaran, a sa a kabad a rufe.

Ni ma ina da nawa tsoron. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo a saman bene, tagogi duk da ƙarafuna, keken ɗinkina a kusurwar falo. Mijina aikin hanya yake yi a wani gari, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Mai kafa doka zai ɗauki jakarsa ya tafi, ni za a bari da makulli ina gadin tsoho.

Na naɗe ƙanƙara a tawul na ɗora masa. Bai jima ba ya ture hannuna.

"Wannan ai maganin kifi ne, don kada ya ruɓe. Mu da muka taso, in mutum ya bugu gasa masa ake yi."

"Baba, mai kemis ya ce ban da zafi tukuna, sai jinin ya tsaya."

"Yaron nan a gabana ya koyi tafiya."

Na lallaɓa shi ya ɗan ƙara haƙuri, na jera masa filo biyu don kan ya tashi, na fita sayen zare. Ina dawowa tun daga matakala ƙamshin man zafi ya tare ni. Na tarar da buta tana tururi, tsumma a goshin Baba, yana danna ƙulun da babban yatsa iya ƙarfinsa, wai watsa jinin yake yi. Raina ya ɓaci, amma suruki ba a ɗaga masa murya, sai na huce a kan butar.

Abin haushi, ƙulun ya sauka. Baba ya jawo hula ta rufe wurin tsaf, ya dubi madubi, ya dube ni, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce haka ne, Baba.

Da gari ya waye sai ga jinin da aka watsa ya sami hanya. Ya gangaro daga goshi ya kwanta a fatar ido, ta kumbura ta yi baƙi da shuɗi-shuɗi. Washegari ya zagaye ƙasan idon, har ya fara ƙetare karan hanci yana neman ɗayan. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu hular da ake sawa a nan.

Daga ranar Baba ya daina sauka da kansa, don in maƙwabta suka gani magana za ta riga mu isa kunnen mijina. Tsohon da ke ɓuya don kada a kulle shi, ga shi ya kulle kansa. Ya ja kujera bakin taga yana leƙen titi ta gefen labule. In mijina ya kira yana son ganin fuskar Baba a waya, sai in ce sabis ba kyau, ya yi haƙuri da murya. Ban saba yi masa ƙarya ba.

Babu abin da ban gwada ba. Da mai kemis ya ce yanzu an iya sa ɗumi, na sa, Baba yana cewa da ma ai ya faɗa. Gefen tabon ya koma kore-kore, tsakiya na nan baƙi. Na ba shi baƙin tabarau, ya fito kamar wanda 'yan sanda ke nema. Ranar da mijina zai dawo na ɗauko hodata. Ban taɓa taɓa fuskar surukina da yatsuna ba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Fatar ta yi laushi, ta yi siriri, hodar sai taruwa take yi a cikin tamoji. Ya rufe ido ya bar ni ina shafawa.

"Ba teburin ba ne, 'yata," in ji shi a hankali. "In ban sauka ba, babu mai sanin ko na tashi yau."

Tausayinsa ya kama ni, na ci gaba da shafa hodar da na san ba za ta rufe komai ba.

Rana ba ta ƙarya. Mijina ya shigo da la'asar, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗago kai ya dubi fuskarsa. Ya sa hannu ya zare tabarau ɗin. Kafin ya tambaya bakina ya riga ni.

"Ni ce. Murfin kabad na buɗe, ban san Baba yana bayana ba."

Bai yi tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi hodar da ke yatsansa, ya dubi keken ɗinkina.

"Mutum ɗaya na bar miki amana. Kin fasa masa ido, kin ɓoye mini, kin shafa masa kwalliya. In keken nan ne ke ɗauke miki hankali, gobe za a sauke shi."

Na sunkuyar da kai, na ce a raina keke dai ai ƙarfe ne. Baba ya daɗe yana kallon keken. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya nuna goshinsa.

"Murfin kabad bai san ni ba. Jiri ne ya kayar da ni a bakin shago, ni na hana ta faɗa, ni na gasa shi da ruwan zafi. Ka bar mata kekenta."

Mijina ya kai shi asibiti, aka ce babu abin da ya fashe. Kafin ya koma aiki ya sa aka hawo da teburin sama, aka ajiye shi a bakin taga kusa da kekena. Ya ce ga shi ya kawo wa Baba aikinsa har gida, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa. A bakin ƙofa ya ba ni haƙuri, ya danƙa mini makulli.

Idon ya warke tas, ko tabo bai bari ba, sai dai ban da ni da mijina babu wanda ya gani. Ba mai hawo bene da agogo. Har yanzu kullum da safe Baba yana goge takalmi ya kafa hula, ya zauna a bayan tebur. In zan fita kasuwa nakan tsaya a bakin ƙofa ina juya makullin a hannu, shi kuma ba ya waiwayowa.

"Rufe, 'yata," yake cewa. "In kin ga mai kemis ki ce masa na tashi lafiya."