Tozon Kallamu

A shekarar da aka ce kowa ya koma garinsu, Kallamu ya loda motarsa a kasuwar Mile One ta Fatakwal, ya dubi Mijinyawa ya ce mota ta cika. Ta cika kuwa. Bijimai biyu ne a baya, suna tuƙa hankali kwance. Mijinyawa, wanda suka yi shekaru suna fiɗa a mayanka ɗaya, ya tsaya yana kallon wutsiyoyinsu har mota ta sha kwana. Wata mai bandar kifi ce ta ɓoye shi a rumfarta, daga baya aka fitar da shi daga Fatakwal a ƙarƙashin taru. Ya isa Arewa yana warin hayaƙi. Wari ya fita da sabulu, amma abu ɗaya ya ƙi fita: an gwada shi da sa, sa ya fi shi daraja.

Da sojan tarayya suka karɓi Fatakwal a yaƙin basasa, mahauta suka dawo, don bariki na son nama. Kallamu ya dawo da sabuwar mota da tsohon murmushinsa. Mijinyawa yana da wuƙaƙe masu kyau, sai dai shi mutum ne mai tsoron kurkuku, ga Kallamu ya fi shi ƙashi.

Wata safiya likitan soja mai duba nama ya tsaya a teburin Mijinyawa, ya taɓa tozo da sanda.

"Wannan kam ku rage ci, Malam."

"Ranka ya daɗe, ai shi ne sarkin nama."

"Ka taɓa ganin mai ya gauraya da ruwa? To jini ma ba ya karɓar kitse haka kawai. Sai jiki ya ƙunshe shi cikin 'yan mitsi-mitsin kwale-kwale, su bi jijiya. Wasu su kai kaya, wasu su kwaso ragowa su mayar wa hanta. In masu kaiwa suka yi yawa, sai su riƙa zubar da kolastarol a gefen hanya, hanya ta yi ta tsukewa. Ranar da ta toshe, zuciya ta tsaya."

Mijinyawa bai riƙe sunan abin ba, amma ya riƙe sauran. Kisa ba wuƙa, ba ɗan sanda!

Washegari ya gasa tozo, ya barbaɗa yaji, ya kai wa Kallamu da hannu biyu.

"Yaya, abin da ya wuce ya wuce."

Kallamu har da ƙwalla. Ya cinye, ya suɗe yatsu.

Haka aka yi ta yi. Ana jiyo igwa daga wajen Aba, mutane na kirga gawa, shi kuwa Mijinyawa yana duba wuyan Kallamu kamar mai kiwon ragon layya. Wuya ya yi ninki, tumbi ya riga mai shi shiga masallaci. Duk numfashin da Kallamu ya ja da ƙyar, Mijinyawa sai ya ji ransa fes.

Abin da ya manta shi ne, a mayankarsu ba a kai tozo sai ga shugaba. Da aka zauna zaɓen Sarkin Fawa, dattijo Zailani ya miƙe ya ce, "Me za mu tsaya nema? Wanda aka bari a titi ma ya yi mubaya'a tun tuni. Ku dubi jikin nan kuma, ai na rawani ne." Aka naɗa Kallamu. Mijinyawa ya yi lissafi: yanzu tozon kowa can zai tafi. Mayanka gaba ɗaya ta shiga aikinsa ba ta sani ba. Ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a.

Ana dab da gama yaƙi, ƙirjin Sarki ya riƙe, aka kwashe shi zuwa asibitin soja. Mijinyawa ya wanke farar rigarsa ta zuwa jana'iza ya ajiye. Amma Kallamu ya dawo da ƙafafunsa, ya sa aka tara mahauta a ƙofar gidansa. Gabansa kwanon alayyafo ne, gefe kuma tire cike da tozo yana naso.

"Likita ya yi mini bayani dalla-dalla," in ji shi, idonsa a kan Mijinyawa. "Ya hana ni kitse. To ni ba na manta alheri. Daga yau tozon Sarki na ƙanena ne. Kullum, a nan gabana, in riƙa gani ina jin daɗi."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Kyautar sarki a bainar jama'a ba a mayar da ita.

"Bismilla, Mijinyawa. Ko yaji bai ji ba?"

"Ya ji, ranka ya daɗe."

Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki yanka mafi ƙanƙanta. Kallamu ya miƙa hannu ya tura masa babban.